Dillancin Gidaje: Ki Auna Kafin Ki Shiga

 

Wasiƙu biyu suka zo mini a kan magana ɗaya, shi ya sa na ga ya kamata in amsa su a nan filinmu don kowa ta ƙaru. Ta farko daga wata yarinya ce da ke ajin ƙarshe na sakandare. Ta ce tana ganin mata a waya suna tallar gidaje da filaye, sun yi shiga mai kyau, suna shiga mota suna fita, abin ya ba ta sha'awa, tana tambaya wane karatu za ta yi ta zama kamarsu. Ta biyu daga wata baiwar Allah ce wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Tana koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ta ƙarshen wata. Ta ce maƙwabciyarta ta haɗa cinikin fili sau ɗaya, ta sami abin da ya fi albashinta na wata uku. Saboda haka tana shawarar ta ajiye alli, ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya, ta kama shago, ta zama dillaliyar gidaje. Ta roƙe ni in gaya mata gaskiya, kada in ɓoye mata kome.

To, ga gaskiyar. Sana'a ce ta halal, mace tana iyawa, a wani wurin ma ta fi namiji iyawa. Amma ba ta da albashi, kuma babban jarinta amana ne. Wadda za ta shiga, lalle ta auna kanta tukuna. Ku biyo ni mu auna tare.

DILLANCI BA BAƘONMU BA NE

Tun kaka da kakanni akwai dillaliya a ƙasar Hausa. Ita ce mai ɗaukar zane ko tasa ko kwalla daga wannan gida zuwa wancan. Matar kulle ta ba ta kaya, ta sayar, ta kawo kuɗi, a cire mata la'ada. Da yawa daga cikin iyayenmu da taimakonta suka haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. Dillancin gida ma haka yake. Mai gida yana neman ɗan haya ko mai saye, mai nema bai san inda gidan yake ba, ke kuwa kin san su duka biyu, sai ki haɗa su.

Bambancin kawai nauyin kayan ne. In dillaliya ta yi kuskure a kan zane, asarar zane ce, a yi faɗa a shirya. In ta yi kuskure a kan gida, ta salwantar da abin da mutum ya yi shekara 20 yana tarawa, ko gadon marayu. Maganar kuma ba ta tsayawa a zaure, sai ofishin 'yan sanda da gaban alƙali.

HANYA BIYU CE

Ki sani cewa waɗanda ke cin abinci da harkar gidaje iri biyu ne, kuma galibi mutane suna haɗa su wuri ɗaya.

Na farko su ne dillalan unguwa, waɗanda kika saba gani a rumfa ko ɗan shago da allo a ƙofa. Aikinsu haɗa mai gida da mai nema. Wannan ba ya bukatar digiri. Yana bukatar sanin unguwa, da sanin mutane, da ƙafa, da haƙuri.

Na biyu su ne masu ilmin kula da gidaje da ƙiyasta darajarsu. Su ne banki ke kira su faɗi abin da gida ya kai kafin a karɓe shi jingina. Su ake kira in gwamnati za ta yi hanya ta biya diyya, ko in magada sun yi saɓani a kan kuɗin gidan mahaifinsu. Suna kuma riƙe wa masu dukiya gidaje da kasuwanni, su karɓi haya, su lura da gyara. Ƙungiyarsu a Nijeriya, watau NIESV, an kafa ta a 1969, hukumar da ke yi musu rajista kuwa, ESVARBON, dokar soja ta 24 ta 1975 ce ta kafa ta. Wanda ba shi da rajistarta ba shi da ikon kiran kansa da sunan wannan aiki, ko sa hatimi a takardar ƙiyasi.

Ke 'yar makaranta, wannan hanya ta biyu ita nake so ki duba. A takardar JAMB sunan karatun Estate Management. Ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Kwalejin Fasaha ta Kaduna, da wasu wurare. A jami'a shekara 5 ne. A kwalejin fasaha shekara 2 ne na ƙaramar difloma, a fita shekara guda koyon aiki, a dawo shekara 2 na babbar difloma. Bayan haka akwai zama ƙarƙashin wanda ya riga ki, da jarrabawar ƙungiya, kana a yi miki rajista. Tun yanzu ki ƙarfafa lissafi da Turanci da darasin tattalin arziki, gama da su za ki shiga. Abin da kike gani a waya, mota da atamfa, hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Ba su nuna miki ranakun da suka wuni a rana ba a yi ciniki ba.

BARI MU YI LISSAFIN LA'ADA

Ke kuma malama, ɗauko alƙalami. Abin da aka saba a wurare da yawa shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, da kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayarwa. Wani gari mai saye ne ke biya, wani gari mai sayarwa, wani gari su duka biyu. Don haka tun farko a yi magana, a rubuta.

Ga misali. A ce gida mai ɗaki biyu da falo, hayarsa N600,000 a shekara. La'ada N60,000 ke nan. Amma safai ba ke kaɗai ba ce a cinikin. Akwai wanda ya san mai gidan, akwai wanda ke riƙe da mabuɗi, ke kuwa kika kawo ɗan haya. An raba uku, kin tashi da N20,000. Cire kuɗin A Daidaita Sahu na zuwa gidaje biyar da kika nuna masa ya ƙi, cire katin waya na mako biyu. Abin da ya rage shi ne naki.

A ce kuma fili ne na N4,000,000. La'ada N200,000. In ku huɗu ne, kowa N50,000. Ga shi kuwa mafi ƙarancin albashi da dokar ƙasa ta sa tun 2024 N70,000 ne a wata. Kin ga ke nan ko cinikin fili guda a kowane wata bai kai ki can ba, alhali kuwa akan yi wata uku ba a sayar da ko taku ɗaya ba. Ana iya gama magana, a sa rana, ranar biya mai saye ya kashe waya. Ana iya kuma ki nuna wa mutum gida, ya zagaya da dare ya sami mai gidan, su yi ciniki ba da ke ba.

Maƙwabciyarki ta gaya miki watan da ta samu. Ki tambaye ta watannin da ba ta samu ba, da wanda ya ciyar da gidanta a lokacin. Albashinki kaɗan ne, amma kin san ranar zuwansa, da shi kike auna tiya da kuɗin makarantar yara. La'ada kuwa kamar ruwan bazara take, yau a yi, a ɗauke sai an manta.

ABIN DA YA WAJABA KI SANI GAME DA ƘASA

Ba dama ki sayar da abin da ba ki san hukuncinsa ba. Tun 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Filin birni gwamna ke ba da iznin zama a kansa, na karkara ƙaramar hukuma. Takardar da ake kira C of O shaidar wannan izni ce, galibi na shekara 99 in gidan zama ne. In mai ita zai sayar, ko ya ba da jingina, doka ta ce sai da yardar gwamna. Gwamna kuma yana da ikon karɓe fili domin aikin jama'a, a biya diyyar gini ko shukar da ke kai.

Saboda haka kada takarda ta ruɗe ki don tana da tambari. A kai ta ofishin ƙasa a bincika. A Kano akwai KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, sauran jihohi ma suna da ma'aikatar ƙasa da safiyo. Za a biya kuɗin bincike, a duba ko sunan da ke kan takardar shi ne a cikin fayil, ko an ba da filin jingina, ko akwai rikici a kansa. Mai sayen da ya ƙi biyan wannan ɗan kuɗi don yana sauri, ki ja masa kunne. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a bincika, ki bar shi da kayansa.

Filaye da yawa a bayan garuruwanmu awon igiya ne, watau gona ce mai ita ya yanka fuloti-fuloti ba da tsarin hukuma ba, shaidarsu takardar mai unguwa ko dagaci. Mutane suna saye suna gini, amma wajibi ne ki gaya wa mai saye irin abin da yake saye. Ki je da shi wurin mai unguwa, ku ga maƙwabtan filin na gabas da yamma, kudu da arewa, a auna a gabansa. In an ce ƙafa 50 da 100 ne, a sa awo a gani. Irin waɗannan filaye ne akan sayar wa mutum biyu ko uku, kowa da takardarsa.

Gidan gado kuwa, a nan dillalai da yawa suka faɗa rami. Babban wa zai zo ya ce shi ke da magana. Ki tambaya: an raba gadon? Ina takardar kotu? Matan mamacin da 'ya'yansa mata sun yarda? Akwai maraya ƙarami a ciki? Muddin akwai magaji ɗaya da bai sa hannu ba, ciniki bai tsaya ba. Ba banza ba kike ganin an rubuta a bangon wasu gidaje cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne.

Ki kuma san tarihin wurin. Kududdufin da aka cike da shara aka yanka, da rani sumul yake, a watan Agusta sai kwale-kwale. Ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da kan hanyar ruwa ba wurin gini ba ne ko da an ba da shi kyauta. Kun tuna a watan Yuni na 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, bisa cewa filayen na jama'a ne. Kowane ɓangare mutum yake a wannan rigima, darasin dillali ɗaya ne: ya san abin da fili yake tun asali kafin ya tura wani ya zuba dukiyarsa.

Game da kuɗi, kada ki yarda kuɗin ciniki su kwana a hannunki. Mai saye ya tura ta banki zuwa asusun mai kaya, da sunan da ke kan takarda, a gaban shaidu, lauya ya rubuta yarjejeniya. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 ba ta banki ba. In kuma aikin ya kai ki ga buɗe ofis, za ki yi rajistar suna a hukumar CAC, ki kuma yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC, domin masu harkar gidaje suna cikin waɗanda dokar ta ambata.

INDA MACE TA FI, DA INDA ZA TA SHA WUYA

Kada abin da na faɗa ya kashe miki jiki. Akwai ƙofar da ke buɗe gare ki wadda take rufe ga namiji. Gidan da aka rubuta "Ba Shiga" a ƙofarsa, dillali iyakarsa zaure, ke kuwa sallama ɗaya kin shige har ƙurya. Namiji zai ƙirga ɗakuna ya duba fenti. Ke za ki duba madafi ko hayaƙi yana fita, ki leƙa rijiya, ki ga makewayi da wurin shanya, ki ga ko tsakar gida tana riƙe ruwa. Za ki zauna da matan maƙwabta minti goma, su gaya miki ko famfo yana zuwa, kwana nawa ake yi ba wuta, da halin mai gidan in haya ta ƙare. Waɗannan su ne abubuwan da ke sa iyali su zauna lafiya ko su tashi bayan shekara guda.

A gidan suna da gidan biki kina jin wanda zai aurar da ɗa yana neman ɗaki biyu, da wanda aka canja wa wurin aiki zai bar gidansa. Ga kuma mata masu abin hannunsu, wadda ta kwashi adashi, da wadda ta sami gado, da 'yar kasuwa, suna son su mallaki ɗan fili, amma suna jin nauyin zama da maza a rumfa, suna kuma tsoron a cuce su. Macen da suka yarda da ita, su za su riƙa nemanta har gida.

Wuyar kuwa, aikin na fita ne. Mai neman gida ba ya sanin lokacin ɗora tukunya. Ranar Asabar da Lahadi da yamma, sa'ad da yara ke gida, ita ce kasuwarki. Matar aure ta zauna da maigida tun kafin ta fara, ta bayyana masa cewa maza za su riƙa kiran wayarta, za ta kuma riƙa fita. In bai yarda da zuciya ɗaya ba, la'adar duniya ba ta kai zaman lafiyar ɗakinki ba. Sa'an nan kada ki taɓa bin baƙo ke kaɗai zuwa kango ko filin bayan gari. Ki tafi da ƙanenki ko ɗanki ko abokiyar aiki, da rana, mutanen gida su san inda kika nufa. Za ki kuma ji maganganu, wasu su ce yawo kike yi. Kamun kanki ne zai amsa musu.

RANAR JARRABAWA

Yanzu ga abin da ya fi duka. Wata rana za ta zo, kin yi wata biyu ba ciniki, an koro yara kuɗin makaranta, ga mai saye da kuɗi a hannu ya ga gida ya so. Ke kuwa kin san rufin yana yoyo, ko kin ji ƙishin-ƙishin cewa wata 'yar mamacin ba ta yarda a sayar ba. In kin yi shiru, gobe la'ada tana hannunki. In kin faɗa, ta tafi. Ko kuma mai fili ya ce miliyan 4 yake so, abokan aiki su ce a gaya wa mai saye miliyan 4 da rabi, a raba rabin a ɓoye, kowa ma haka yake yi.

Addininmu ya halatta ladan dillanci, ya haramta ɓoye aibin kaya da yaudara a ciniki. Ko ta fuskar sana'a ma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Unguwa ɗaya kuke, masallaci ɗaya mazanku ke zuwa, gidan biki ɗaya za ku haɗu. Matar da kika cuta za ta gaya wa mata goma, wadda kika hana faɗawa rami ita ma za ta gaya wa goma, kuma ita ce za ta kawo miki ƙanwarta baɗi. Tun yanzu, kafin yunwa ta zo, ki tambayi zuciyarki abin da za ki yi a wannan rana. In kin san ba za ki iya faɗa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

SHAWARATA

Malama, kada ki ajiye aikinki, kada ki sayar da zinariyarki. Ita ce garkuwarki ranar ciwo, shago kuwa ba shi ke kawo ciniki ba. Ki nemi dattijon dillali ko dillaliya wadda unguwa ta shaida da gaskiya, ki roƙa ki riƙa bin ta bayan an tashi makaranta da ranar Asabar. Ki fara da haya a unguwarku, inda kika san kowa, gama kuskuren haya yana gyaruwa. Ki sayi littafi na musamman, ki rubuta kowane gida da mai shi da kuɗinsa, da duk abin da kika kashe, da duk abin da ya shigo. Ki yi wata shida haka, har ki ga rani ki ga damina. In littafin ya nuna miki cewa a yawancin watanni la'ada ta fi albashi, kuma kin ajiye abin da zai ciyar da yara wata shida ko ba ciniki, to sai ki yi istihara ki yanke shawara. In bai nuna ba, ba ki yi asarar kome ba, kin sami abin cefane, kin kuma sami ilmin da zai tsare gadon 'ya'yanki daga macuta.

Ke kuma 'yata, ki riƙe karatunki da kyau. Ki je ki sami ilmin, ki sami hatimin, domin gobe in mata sun zo raba gado ko sayen gida su tarar da 'yar'uwarsu a ofis wadda za ta faɗa musu darajar abinsu tsakani da Allah. Lokacin hutu, in iyaye sun yarda, ki nemi ofishin masu wannan aiki ki zauna ki ga yadda ake yi. Gani ya kori ji.

Sauran 'yan'uwa, ko ba ku da niyyar dillanci, ku adana abin da na faɗa game da takardu da gidan gado, gama kowace ɗayanmu wata rana za ta yi haya, ko ta saya, ko ta gada. Wadda ta taɓa yin wannan sana'a, ta rubuto mana abin da ta gani, mai daɗi da mara daɗi, don na baya su amfana.

Allah ya ba mu abin yi na halal, ya sa masa albarka, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.